Barewar da Ba Ta Fito a Jarida Ba

Mai hoton jarida ya gama kafa kyamararsa ke nan, sai ga maharba daga wajen Vom sun shigo, ɗauke da barewa a jikin sanda, an riga an yanka ta.

A shekarun alif ɗari tara da hamsin ne, ina aiki da wata ƙungiyar kare namun daji a Jos. Ni nake gayyato 'yan jarida, ni kuma na kira maharban nan don a ɗauke su hoto suna alkawarin ajiye baka da kibiya. Na ce a raina shi ke nan, aikina ya tafi.

Na ja babbansu gefe. "Baba, mene ne haka kuma?"

Ya ce, "Gaisuwar oga ce, ɗana. Ka taɓa ganin an je gaban babba hannu rabbana?"

Baturen da yake shugabantar ƙungiyar ya yi jawur, ya daka tsawa a kawar da ita kafin a ɗauki hoto. Na tambaye shi ina za a kai ta. Ya sassauta murya: "Kai wa kukuna, ta ƙofar baya."

Washegari jarida ta yaba mana sosai. Barewa ba ta fito a ciki ba, a teburin oga ta fito, da dankali.

Ku masu wannan aiki a yau, har yanzu ta ƙofar baya ake shiga da barewar?