Madam Habiba, Wadda Ta Kai Waƙoƙin Ɗelu Cikin Mujalla

Duk wanda ya saba bin hanyar kasuwar Madarumfa da safe ya san ƙaramin shagon nan mai shuɗiyar ƙofa, kusa da masu sayar da soyayyen kifi. Kafin rana ta yi zafi Madam Habiba Alhassan ta iso. Takan yayyafa ruwa a ƙofar shago ta share, ta yaye tsohon zanen da take rufe ordinatar, wato kwamfuta, da shi, ta goge madannai ɗaya bayan ɗaya kamar mai tsintar shinkafa. Sai ta ɗora tabarau a kan hanci, ta yi bisimilla, ta ce, "To, wa ya riga?"

Kuma kullum akwai wanda ya riga. Ɗalibi da takardar neman aiki, shugaban masu lambu da rahoton ƙungiya, uwar amarya da katin gayyata. Aikinta shi ne buga rubutu, wanda a nan muke kira sezi. Ta soma shi tun tana budurwa a wani biro, wato ofis, na gwamnati, a kan tsohuwar keken rubutu mai ƙarar luguden tabarya, daga baya ta buɗe nata wuri. Bana idanu sun nemi hutu, za ta miƙa kujerar ga ɗiyarta Bushira. Shi ya sa na ɗauki alƙalami, domin irin su Madam Habiba ba a kafa masu rumfa a yi jawabi. Ni malamin makaranta ne, na daɗe ina zaman bencin shagonta, kuma a gabana aka yi abin da zan ba ku labari.

Abokin aikina Mushe Rabi'u, wato Malam Rabi'u a bakin Faransanci, kamar yadda 'yan lakwal, ɗaliban makarantarmu, ke kiransa, mutum ne da kiɗa ya shiga jininsa. Ya koyi rubuta sautin waƙa a Yamai, wato ɗigo-ɗigon nan baƙaƙe da ake jerawa a kan layuka. Shekara da shekaru yana hawa babur zuwa Safo wurin wata tsohuwa mai suna Ɗelu, yana naɗar waƙoƙin daka da ta gada daga kakarta. Injin niƙa ya shigo ƙauye, turmi ya yi shiru, 'yan mata ba su koyi ko baiti ɗaya ba. Ɗelu kaɗai ta rage da su, ga shi tsufa ya kama ta.

Rabi'u ya rubuta nazari a kansu, ya aika wa wata mujallar masana kiɗa a ƙasar waje. Ba a jima ba aka dawo masa da shi. Ba su ce nazarin ba shi da kyau ba. Ko karantawa ba su yi ba. Cewa suka yi bai bi ƙa'idar tsarinsu ba, suka haɗo masa da shafukan dokoki: girman baƙaƙe, tazarar layi, yadda ake bayanin ƙasan shafi, yadda ake jera manazarta, da tsakure cikin harsuna biyu.

Ya shigo shagon ranar kasuwa, fuska a murtuke, ya zube takardun a kan tebur.

"Madam, na haƙura. Waɗanga mutane ba waƙa suke so ba, awon fili suke so."

Ta ɗauki shafukan dokokin ta duba sama da ƙasa, sannan ta yi dariya. "Mushe, ni ma ban taɓa ganin irin wanga ba. Amma wanda ya ce ka cire takalmi kafin ka shiga ɗakinsa ai bai kore ka ba. Zauna mu karanta tare."

Haka suka soma, shi yana fassara mata manufar kowace doka, ita tana neman yadda na'ura za ta yi ta. Da suka iso dokar da ta ce marubuci ya cire sunansa daga ko'ina, don kada masu tantancewa su san mai aikin, Rabi'u ya miƙe tsaye.

"In cire sunana? Bayan duk ƙayar da ta fasa mani taya a hanyar Safo?"

"Na ɗan lokaci ne," in ji ta. "Ai ko mai ɗanɗana miya ba a gaya masa wadda ta dafa, in ana son gaskiya."

Mu da ke kan benci muka kwashe da dariya, shi ma ya koma ya zauna.

Sai rigimar ƙugiya ta taso. Salon baƙaƙen da mujallar ta wajabta bai san harufanmu masu lanƙwasa ba. Duk inda aka buga ɗaya, sai wani ɗan akwati ya fito a madadinsa. Wani mai wucewa ya ba da shawarar a bar ƙugiyoyin kawai, tunda Turawa ba za su lura ba. Madam Habiba ta juyo da allon na'urar ta nuna masa wani baiti na Ɗelu, inda mace ke cewa ta gaji ta shige ɗaka ta bar daka.

"Cire ƙugiyar ka karanta mani," ta ce masa. "Ta shige daka ta bar daka? Mi ke nan? Kuma ita mai waƙar, sunanta ma da ƙugiya ya fara. Ba a hannuna za a sake mata suna ba."

Ta sa Rabi'u ya rubuta wa mai kula da mujallar, cikin ladabi, ya bayyana matsalar. Ita kuma ta yi ta bincike har ta samo wani salon baƙaƙe mai kama da nasu wanda ya san harshenmu, ta haɗa misali ta tura. Amsa ta zo da godiya, suka ce sun yarda.

Amma babban aikin yana gaba. Mujallar ba ta karɓar alamomin kiɗa da aka zana da hannu, sai waɗanda aka buga, kuma dole kowace gaɓar kalma ta zauna daidai ƙarƙashin ɗigonta. Madam Habiba ba ta san karatun ɗigo ba. Mace mai jikoki, da ta ce wannan ya fi ƙarfinta babu mai zarginta. Ba ta ce ba. Bushira ta sa mata manhajar da ake yin aikin da ita, Rabi'u ya koya mata sunayen alamomin, ita kuma ta yi ta gwadawa tana ɓatawa tana sakewa, a tsakanin katin biki da takardar neman aiki. Wuta ta ɗauke, ta jira. Wuta ta dawo, ta ci gaba.

Duk da haka wata waƙa ta ƙi zama. Sun saurari naɗin ya fi a ƙirga, kalmomin suna zamewa daga ƙarƙashin ɗigon. Sai ta cire tabarau ta ce, "Mushe, a kawo mani mai waƙar."

Ranar da Ɗelu ta zo a amalanken jaki ba zan manta da ita ba. Tsohuwa 'yar firit, ta tsaya a ƙofa tana leƙen na'ura.

"Ɗiyata, nan ciki kuka zuba waƙoƙin nawa?"

"Nan suke, Inna. Amma ɗaya ta ƙi kwanciya. Ki rera mana ita."

Ɗelu ta gwada daga zaune, ta girgiza kai. "Ba ta fita haka nan. Waƙar daka ce, sai da tabarya."

Aka aro turmi daga gidan maƙwabta, aka zuba gero, aka kafa shi a ƙofar shago. Tsohuwa ta ɗaga tabarya, murya ta buɗe kamar ba ita ba. Masu kifi suka bar kaskonsu, matan da suka zo cefane suka kewaye ta, wata dattijuwa ta karɓi amshi tana share hawaye tana dariya. Madam Habiba kuwa tana ciki, ido a kan allo, ƙafa tana bin saukar tabarya. Can sai ta ɗaga hannu.

"Mushe, ka ji? Ba ta fara kalmar tare da bugun ba. Sai tabarya ta tashi take shiga."

Rabi'u ya saurara, ya buga cinya. "Wallahi haka ne! A naɗin ƙarar turmi ta rufe wurin." Nan take ya gyara alamar, ita ta matsar da gaɓar, waƙa ta zauna daram. Geron kuma aka yi fura da shi, kowa ya sha.

Masu tantancewa sun dawo da aikin da 'yan gyare-gyare, Madam Habiba ta sake zama ta bi su ɗaya-ɗaya ba tare da ƙorafi ba. Daga ƙarshe nazarin ya fito, da sunan Rabi'u a sama, da sunan Ɗelu ta Safo a kan kowace waƙa. Bayan wasu watanni wata malamar kiɗa daga can ta turo naɗin ɗalibanta suna rera ɗaya daga ciki, daga takarda kawai suka koya. Muka tafi tare da Madam Habiba, muka kai wa Ɗelu har gida muka kunna mata. Ta kasa kunne har ƙarshe, sannan ta ce, "Hausar tasu sai a hankali. Amma sun san inda ake numfashi. Wa ya gaya masu?"

Rabi'u ya nuna Madam Habiba. Ita kuwa ta sunkuyar da kai tana gyara mayafi.

Madam Habiba, ke ce wadda sunanta bai fito a kan shafi ba, alhali babu layin da bai bi ta ƙarƙashin yatsunki ba. Ke ce ba ki taɓa cewa aikin wani ya yi ƙanƙanta ba, kuma ba ki ji kunyar zama ɗaliba da furfura a kanki ba. Gada mai ɗaukar kowa, ba ki tambayi mai wucewa ina za shi ba. Tun daga wannan aiki, malamai daga Maraɗi har Ɗan Issa suna kawo miki rubutunsu, kuma kowa ya fita da kansa a sama.

Mun gode, Madam. Allah ya huta da idanunki, ya ƙara miki lafiya, ya sa Bushira ta fi ki. Ku kuma masu aikin hannu a ko'ina, na biro da na shago, in aka kawo maku abin da ba ku taɓa gani ba, kada ku yi saurin cewa ba a yi. Ku jawo kujera ku zauna tare da mai shi. Wataƙila abin da ke kan teburinku shi ne na ƙarshe da ya rage a duniya.