Farar Rigar Maniru

Yayana Maniru tela ne a kasuwar Boɗinga, amma ɗinkin neman abinci ne kawai. Abin da ya ci ransa shi ne shirya wa yara wasan kwaikwayo. Yana taka keke yana tsara magana a ka, shi ya sa ya sha ɗinke wa mutane bakin aljihu. Idan hutu ya matso sai ya bi makarantun firamare, daga Dingyaɗi har Lambara, ya koya wa yara, a yi wasa a gindin dogon yaro, zanen matarsa ne labule.

To, kowane wasa yana buƙatar mugu, kuma babu uban da zai ba da ɗansa. A wajenmu laƙabi ba ya wankuwa. Yaron da ya fito a kura sau ɗaya, da sunan Kura zai tsufa. Wani uba ya taɓa ce masa, "Malam, in sarki kaka so, ga ɗana nan. In ɓarawo na, nemi naka ɗa."

Sai Maniru ya ɗauki abin da kansa. Ya shafa gawayi, ya saɓa buhu, ya shigo da sanɗa zai saci albasa, yara su yi ta ihu suna tona shi. Shi ya koya musu ihun ma. Na ce masa suna linzami ne, ya ce ni dai ban san wasa ba.

Yaran suka girma, suka zama 'yan kabu-kabu da dillalan albasa. Darasin ya bi ruwa, sunan Ɓarawo kuwa ya zauna masa. Idan ya ratsa kasuwa sai su rufe kayansu suna dariya, baƙin da ba su taɓa ganin wasan ba kuwa su rufe nasu da gaske. Duk bai damu ba, sai da autarsa Hasiya ta shiga makaranta aka fara ce mata ɗiyar ɓarawo. Ta koma sauka daga babur ɗinsa tun daga nesa, don kada a gan su tare. Wannan kam ta ci shi.

Bara ya tsara sabon wasa wanda babu mugu a ciki, labarin wani tsohon mai lambu da ke ba maƙwabta ruwan rijiyarsa da rani. Ya ɗinka wa kansa farar riga, ya nemi a yi wasan a makarantar su Hasiya. Ya ce mini, "Balaraba, so nika yi ɗiyag ga ta gan ni mutumen kirki, ko sau guda."

Ina cikin mata ranar. Ya fito da rigarsa fes, guga a hannu. Bai ko buɗe baki ba filin ya ɗauka, "Ɓarawo! Ga shi nan!" Ba mugunta ba ce, murna suke yi, abin da suka sani ke nan. Hedimasta ya ɗaga bulala, a banza. Maniru ya nemo Hasiya da ido a layin gaba. 'Yan matan da ke gefenta suna kallonta suna zungurinta. Can sai na ga bakinta yana motsi, tana tafi tare da su.

Ban ga laifinta ba, yarinya ce, kuma ita za ta zauna da su gobe. Amma zuciyata ta ƙone, har yau ba ta huce ba.

Yayana ya ajiye gugan, ya sunkuya ya saɓi buhun albasar da aka kawo don kwatanta lambu, ya fita da sanɗa cikin farar rigarsa. Yara suka yi ta tsalle.

Bai sake shirya wasa ba. Yana nan kasuwa yana ɗinki, shiru, kuma yanzu aljihun kowa daidai yake fita.