Kuncina ya kumbura, aka ce mijina ne

Ina kishingiɗe da ƙanƙara a kunci sai na ji muryar babban wana, Yaya Auwalu, a tsakar gida. Ko sallamar kirki bai yi ba.

"Sani, fito ka faɗa min abin da ƙanwata ta yi maka!"

Shekaranjiya aka yi min aikin haƙorina na can ƙurya. Likita ya yanke samansa ya bar saiwar, ya ce tana jikin jijiya, tono ta zai iya kashe min leɓe. Aka ɗinke dasashin, kuncina ya kumbura suntum.

Ashe wata maƙwabciyata a nan Unguwar Dosa ta hango ni ina shanya. Ko sannu ba ta ce min ba, sai ta buga wa matar Yaya waya a Katabu wai mijina Sani ya dake ni.

Bawan Allahn da tun ranar aikin shi ke dama min kunu! Ya fito da ludayi a hannu. Ni kuma bakin ba ya buɗuwa balle in kare shi.

Haka na ja hannun Yaya zuwa haske, na wangale bakin da ƙyar ina hawaye, ya ga zaren ɗinkin.

Ya sunkuyar da kai. "Sani, don Allah ka yafe min."

"Ba komai, Yaya. Shigo ka sha ruwa."

Shi ya yafe. Ni dai ɗinkina jini yake yi tun ɗazu, raina kuma bai huce ba.

Jama'a, in ku ne, da wane ido za ku ƙara kallon maƙwabciyar nan?