Cokalin Baba Da-Saura

Baba Da-Saura kuku ne, a kicin ɗin otal ya tsufa. Sunan ma can ya samo shi: duk tukunyar da aka nuna masa sai ya ɗanɗana, ya yatsina fuska, ya ce, "Da saura." Ba wanda ya taɓa ganin mutumin nan zaune da faranti a gabansa. Cokali nan, cokali can, kafin a tashi aiki ciki ya cika. Ko a gida a tsaye yake ci, a bakin murhu, yana kushe girkin matarsa Iya. Iya kuwa ta saba, ko a jikinta.

Sai ga shi ya zame a banɗaki, aka yi masa aiki a ƙugu, aka kwantar da shi a asibiti, ɗakin tsofaffi. A kawo tire, ya kalle shi kamar an kawo masa wanki. Ya rame har agogonsa na zamewa zuwa gwiwar hannu, ɗinkin kuma ya ƙi kamewa. Nas ta fara kawo masa wata madara mai kauri a 'yar kwalba, irin ta ƙara wa majinyaci ƙarfi. Kwalabe suka yi layi a kan durowa, ko murfi bai taɓa ba.

Likita ta gaji da lallashi. "Baba, in ba ka sha ba, roba za mu zura maka ta hanci, mu riƙa ɗura maka."

"Ta hanci? Abinci ya wuce bai gaida harshe ba?"

Dariya aka yi, amma ban da Iya. Washegari ta zo da tsohon cokalinsa na aiki, wanda bakinsa ya cinye ta gefe guda.

Ta nuna nas, ta ce, "Malam, raba mana gardama da yarinyar nan. Wai madararsu ba abin da ta rasa."

"Wallahi ba abin da ta rasa, Baba," in ji nas, tana danne dariya.

Ya karɓi cokalin, ya ɗiba, ya juya a baki. "Zaƙi kamar hauka! Wanda ya haɗa wannan a kore shi."

Iya ta ce, "Kai dai tsufa ya kashe maka harshe. Sake ji."

"Ni? Miƙo nan!"

Shi ke nan fa. Mai sanyi ya ɗanɗana, marar sanyi ya ɗanɗana, mai ƙamshin ayaba ya zage ta tas, ya kuma ɗiba don ya tabbatar. Yini ake ana cokali-cokali, kafin yamma kwalba biyu sun tafi. Har tiren ma ya fara kai wa hari, don ya samu abin faɗa wa masu kicin.

"Ke tsohuwa, kin ɗauka ban gane wayonki ba?" ya ce mata wata rana.

"To ajiye cokalin mana."

Bai ajiye ba. Kumatu suka dawo, ɗinki ya kame, robar nan ko a ido bai ganta ba. Ranar sallama nas ta ba su kwalin madara, ta ce, "Yanzu fa, Baba, ta yi?"

Ya soke cokalinsa a aljihu. "'Yata, ban gama bincike ba. Sa mini mai ayabar nan da yawa, ita ta fi muni."