Baiwa da Gawon Unguwar Majema

Kakata Baiwa ba mace ce mai daɗin zama ba, kuma ba zan gyara mata hali don ta mutu ba. Gajera ce, baƙa, muryarta kamar ana kankare ƙanzo a tukunya. In ta kafe a kan magana, sai dai ka gaji ka kama gabanka. A Icirnawa aka haife ta, bayan uwarta ta binne 'ya'ya bi da bi, shi ya sa aka sa mata Baiwa, wai ko mutuwa za ta raina ta ta wuce. Mutuwar kuwa ta wuce ta ɗin, amma ta riƙa ɗibar na kusa da ita.

Aure ne ya kawo ta Matamaye, gidan Manu majemi. Ta yi haihuwa da yawa, duk suka koma sai Zainabu, wadda ta haife ni. Da Manu ya rasu bai bar mata komai ba sai ɗaki da warin jima. Wata maƙwabciya ta tausaya mata ta ba ta akuya kiwo, in ta haihu a raba. Daga wannan akuyar Baiwa ta tara ɗan garkenta. Da nononsu ta ci, da su ta aurar da Zainabu, kuma da su take hira, don mutane ba su cika jure hirarta ba.

Bayan unguwarmu ta Majema akwai wani fage mai manyan itatuwan gawo. Ba wanda ya san wanda ya shuka su, ba kuma wanda ya taɓa cewa nasa ne. Nan majema ke shanya fatu, nan mata ke sussuka, masaƙa su miƙe zarensu, a ɗaura aure, a yi wa mamaci salla. Shi gawo taurin kai gare shi irin na kakata. Da damina, sa'ad da kowane itace ke fitar da ganye, shi sai ya kakkaɓe nasa ya tsaya tsirara. In rani ya yi, ƙasa ta bushe ƙayau, sai ya yi kore shar, ya zubo 'ya'ya. Da waɗannan 'ya'yan awakin Baiwa ke ƙetare rani kowace shekara.

A shekarar da aka haife ni komai ya taru mata. Ubana Illa na cikin waɗanda aka kwasa aikin hanya na Nasara, ba a ƙara jin ɗuriyarsa ba. Uwata ta haife ni farkon damina, ba ta ga sunana ba. Dangin ubana suka zo daga Dungu, suka ce a ba su ni, tunda ƙanwarsa Ma'u tana goyo, za ta haɗa ni da nata.

Baiwa ta ce, "Na haifa na binne, na haifa na binne. Wannan ce kaɗai ta rage mini a duniya. Ina da Ƙyalla, ta haihu, nononta ya ishe mu."

Ƙyalla akuya ce mai farin goshi, jikar akuyar nan ta farko. Mutanen Dungu suka ga ba riba a jayayya da ita. Suka ce to, amma ranar da nonon akuya ya ƙafe, yarinya tasu ce. Ta yarda, don a zatonta ranar ba za ta zo ba.

Ana tsakar damina sai kwamandan Nasara ya zo rangadi daga Damagaram. Ya bi ta fagenmu a kan doki, ya ga wuri shimfiɗaɗɗe kusa da rijiya, ga waɗansu itatuwa tsaye ba ko ganye ɗaya. Ya ce a sare matattun itatuwan nan, a gina masaukin Nasara masu rangadi, wanda suke kira kampama, a yi lambu kewaye da shi. Manyan gari suka zauna a zaure suka ce madalla. Duk cikinsu ba wanda bai san gawo ba, ba wanda awakin gidansa ba su ci 'ya'yansa ba, amma aka rasa mai buɗe baki ya ce wa Nasara itacen da rai. Wannan shirun nasu har yau in na tuna labarinsa raina ɓaci yake.

Labari ya iso unguwa da hantsi. Mai unguwa Rabo ya tara mutane, suka ɗunguma ƙofar Wakili Lawwali, wanda aka ɗora wa aikin. Baiwa ta bi su da ni a baya, ko da yake ba wanda ya gayyace ta.

Rabo ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, gawon nan kakanninmu ba su sare shi ba. A taimaka a faɗa wa Nasara."

Wakili ya ce, "Rabo, magana ta riga ta fita. Wa zai maido ta? Kai?"

Maza suka sunkuyar da kai. Sai muryar Baiwa ta fito daga baya: "Ranka ya daɗe, in ku tsoronsa kuke, ku nuna mana inda zai bi. Ni ba ni da rawanin da za a tuɓe."

Washegari kwamanda zai koma, ya tarar da Unguwar Majema kaf a kan hanya. Maza sun tuɓe takalma sun tsuguna, mata na gefe, Baiwa kuwa tana tsaye tsakiyar hanya. Rabo ya yi bayani, tafinta ya mayar. Ya ce itatuwan ba su mutu ba, barci suke, da rani za su tashi. Kwamanda ya yi dariya, ba ta mugunta ba, irin wadda ake yi wa yaro in ya kawo tatsuniya. Ya ce zai dawo da rani. In ya tarar da su kore, ko reshe ɗaya ba za a sare ba. In ya tarar da su haka, gatari zai shiga.

Aka koma gida ana guɗa. Ran itatuwa suka roƙa, shi aka ba su. Bai zo wa kowa a rai ya roƙi fagen ba, don a wurinmu inuwa ba ta da mai ita. Ana shinge gona, ana shinge gida, amma ba wanda ya taɓa ganin an yi wa inuwa shinge.

Sai ruwa ya ɗauke tun gero bai yi ido ba. Aka yi ta duban gabas, aka fita roƙon ruwa, shiru. Abin da aka girbe bai taka kara ya karya ba, ciyawa kuwa ta ƙone tun kafin a yanka. Gawo shi bai san ana yi ba. Kaka na yi ya fitar da ganye, ya yi lumbu-lumbu, kai ka ce ba a taɓa fari a ƙasar ba.

A shekarar yunwa irin wannan, abin da aka saba shi ne a hau gawo a daddatse rassa a zubo wa dabbobi ganye. Itacen ba ya mutuwa, baɗi ya sake tohowa. Amma bana in aka datse, kwamanda zai dawo ya tarar da kututture. Don haka unguwa ta taru ta yi alkawari: ba mai taɓa ganye sai Nasara ya gani da idonsa. 'Ya'yan da suka faɗo da kansu, a tsinta.

Alkawari da cikakken ciki aka yi shi. 'Ya'yan gawon ba su kai ko'ina ba, don dabbobin gari duka a kansu suka dawo, har mata na dambe a kan abin da bai cika tafin hannu ba. Rani ya yi nisa, kwamanda shiru. Mutane suka fara zuwa da gatari a ɓoye cikin riga. Nan Baiwa ta kwashe tabarmarta ta dawo gindin babban gawon, da ni, da awakinta, da taɓarya. Tun fitowar rana har faɗuwarta tana nan. Wanda duk ya doso itace sai ta tashi ta yi masa terere, ta kira sunansa da na ubansa, har kunya ta kore shi.

Awakinta suka fara zubewa. Sukan tsaya ƙarƙashin ganyen su miƙa wuya suna kuka, ita kuma ta kau da kai. Wadda ta kwanta ta kasa tashi sai a kira mahauci, ko majemi in an makara. Duk abin da ta tsinta Ƙyalla take ba, har dussar da ya kamata ta dama ta sha da kanta.

Isufu, wanda ke da sa guda, da shi yake jan ruwa yana ci da iyali, ya zo ya durƙusa gabanta. Shi bai ɓoye gatarinsa ba.

Ya ce, "Inna, dan Allah reshe ɗaya. Can sama, inda ba a gani. Sana ya kwanta."

Ta ce, "In na bar ka, me zan ce wa Sallau gobe? Shi ma tumakinsa kwance suke. Kafin kasuwa ta zagayo an yi wa itacen nan aski."

"To ke ba ki ga akuyarki ba? Dubi hantsarta. Yarinyar nan me za ta sha?"

An ce ta daɗe tana kallon Ƙyalla. Sannan ta ce, "Isufu, in aka sare gawon nan, baɗi ma ba abin da za ta sha. Ka yi haƙuri. Gobe ko jibi zai zo."

San Isufu ya mutu. Bai ƙara gaishe ta ba har ya bar duniya, kuma ni ban ga laifinsa ba.

Sai da bazara ta kama sosai kwamanda ya iso. A lokacin garken Baiwa saura Ƙyalla kaɗai, ƙashi da fata, ana tatsa da ƙyar a sami abin jiƙa mini maƙogwaro. Ya ratso ƙasa duk ta ƙone, ya shigo fagenmu ya tarar da inuwa mai sanyi. Ya sauka daga doki, ya tuɓe hula, ya ɗaga kai yana kallo. Ya ce wa tafinta mutanen tsohuwar nan sun yi gaskiya, ba za a sare ko reshe ɗaya ba. Mata suka rangaɗa guɗa. Baiwa ta miƙe ta ce wa Sallau ya hau ya zubo wa akuyarta ganye.

Sallau bai kai ga kama itacen ba tafinta ya ɗaga hannu. Kwamanda bai gama magana ba. Ya ce bai taɓa ganin wurin da ya dace da lambu irin wannan ba, ga inuwa a shirye. A kewaye shi da ƙaya tun yau, katanga ta biyo baya, a sa gardi mai tsaro a ƙofa. Kada akuya ko ɗaya ta shiga, kada kowa ya taɓa itatuwan, tunda mutanen unguwa da kansu suka roƙa a kiyaye su.

Rabo ya ce, "Ranka ya daɗe, to mu fa?"

Wakili Lawwali ya amsa tun kafin tafinta ya mayar: "Ba abin da kuka nema ke nan ba? An ba ku. Ku yi godiya."

Mazan unguwar aka sa suka saro ƙayar, su suka kafa ta. Baiwa ta koma ƙofar Wakili, ta koma, ta sake komawa. Ta yi roƙo, abin da ba a taɓa jin ta yi ba. Ta ce ba fagen take nema ba yanzu, ganye cikin ƙwarya ɗaya kawai. Aka ce maganar ta fi ƙarfin gari. Ta je wurin gardi, ya ce in aka ga sara a itacen, bayansa ne zai sha bulala. Ƙyalla ta mutu a jikin shingen, ganye na kaɗawa a samanta.

Baiwa ba ta jira mutanen Dungu su zo ba. Ta goya ni, ta kama hanya a ƙasa, ina kuka har muryata ta dushe. Ta kwance ni ta miƙa wa Ma'u, ta tsaya har ta ga na kama nono. An kawo mata ruwa ba ta sha ba. Ta naɗe majanyin ta juyo.

A Dungu na girma, Ma'u nake kira Inna. Sai da na fara ɗaukar tulu aka kawo ni Matamaye, wai in ga kakata. Ba mu same ta a gida ba. Aka ce mu duba bayan lambun Nasara, nan take wuni, inda inuwar gawo ke tsallako katanga in rana ta karkata. Muka tarar da wata tsohuwa ƙanƙanuwa zaune a ƙasa. Ba ta sake kiwon akuya ba tun shekarar nan. Daga cikin lambun hayaƙi na tashi, gardi ya share 'ya'yan gawo ya tara yana ƙonawa.

Ma'u ta ce, "Saratu, ga kakarki. Je ki gaishe ta."

Ban san ta ba. Na ɓuya bayan Ma'u na riƙe zanenta. Matar da ta tare dokin kwamanda, wadda maza ke gudun bakinta, ta dube ni tun daga kai har ƙafa, sannan ta kwance bakin zanenta tana neman abin da za ta ba ni. Babu komai a ciki sai 'ya'yan gawo, waɗanda iska ta jefo waje ta tsince. Su ta miƙo mini.