Ganyen Suwidin a Allon Saukata

Har yau, in na ji warin ƙaro da aka jiƙa a ruwa, sai in tsinci kaina a zauren kakana a Gwandu. Mai zayyana ne. In yaro ya kusa sauke Alƙur'ani, wurinsa ake kai sabon allo ya ƙawata shi da tawada baƙa da ja da rawaya, wanda za a riƙe a gaban jama'a ranar walima.

A shekarar da zan yi sauka, kawuna, wanda ke tuƙa wasu Turawa masu haƙar rijiyar burtsatse a wajen Kambaza, ya zo da tsohuwar kalanda da suka yar. Hotunan ƙananan coci-coci ne na ƙauyukan Suwidin, ginin dutse, rufinsu a lanƙwashe kamar bakan gizon soron malamai. Ko'ina a rufin zane ne: mutane masu dogayen riguna, masu fukafukai, shaiɗanu da wutsiya, da wani mutum a bakin kifi. Sai da na girma na karanta cewa ɗaruruwan shekaru da suka wuce aka zana su, domin manoman da ba su iya karatu ba su ɗaga kai su ga labari.

Kakana ya gane mutumin bakin kifin tun kafin kowa ya yi magana. Ya yi a'uziyya, ya yago takarda, ya shafa ƙaro, ya liƙe shi. Haka ya bi sauran mutanen ɗaya bayan ɗaya. Abin da ya bari a buɗe shi ne abin da ke tsakaninsu: wani reshe mai yaɗo da ke murɗawa yana fitar da ganye, bai bar fili ko na yatsa ba. Ya daɗe yana bin sa da farce.

"Amarya," haka yake tsokanata, "wanga mai zane ya san hannu. Reshen nan zan sa miki a allo."

Bazara ce, zafi har tawada na bushewa a bakin alƙalami. Ya kewaye allona da reshen nan, ni kuwa ina leƙe ina jin babu kamata a garin.

Ana jibi walima Baffa, yayan mahaifina, wanda ya yi karatu mai zurfi kuma bai taɓa barin mu manta ba, ya ji inda zanen ya fito. Ya ce ba za a rubuta Fatiha a tsakiyar adon coci ba, a wanke allon. Ka san abin da hakan ke nufi? Babu lokacin yin wata zayyana. Sa'o'ina za su yi sauka, ni in jira bayan damina. An riga an sussuka geron walima. Na kasa cin tuwo.

Kakana bai yi musu ba. Ya miƙa masa allon ya ce, "Ga shi. Nuna min wurin da ya saɓa, in kankare."

Baffa ya zauna bakin zaure inda haske yake, ya bi reshen daga sama har ƙasa, a hankali, kamar mai duba jarrabawar ɗalibin da ba ya so. Can ya ɗora yatsa.

"Baba, wanga ba ganye ba ne. Tsuntsu ne."

Aka ɗauko kalanda. Tsuntsu ne kuwa, ƙarami, ya laɓe cikin ganye. Idon tsoho ya ɗauke shi ganye, hannu kuma ya kwafe shi har baki. Kakana ya yi dariya har da tari.

"To ka ga amfanin karatu."

Ya sa aska ya kankare bakin da ƙafar, ya cike da jar tawada. Baffa ya sake dubawa, ya rasa abin kamawa, ya ce sauran dai ganye ne, ganye kuwa na Allah ne. Na yi saukata da sa'o'ina.

Yanzu ina zaune a Kalgo. Yawancin allunan walima takarda ake bugawa a shago a manna. Amma kwanan baya, a walimar 'yar maƙwabciyata, na ga allo na hannu, da reshen nan kewaye da shi, har da wani ganye mai ƙiba da bai yi kama da 'yan'uwansa ba. Na tambayi saurayin da ya zana.

"Hajiya, ai zanen Gwandu ne na asali. Tun zamanin jihadi."

Na buɗe baki zan gyara masa tarihi, sai na tuna ban san inda shi mai zanen Suwidin ya samo nasa ba. Wataƙila shi ma wani kawunsa ne ya dawo daga tafiya. Na ce wa yaron hannunsa ya yi kyau, Allah ya ƙara basira.