Goyon Hansai

Duk wanda ya sha burkutu a bayan tashar jirgin Agege a zamanin annobar ɓera ya san Hansai. Bamagujiya ce daga ƙasar Rano, 'yar gajera, ga tsoro kamar farar kura. Ta biyo mijinta Bature, leburan reluwe, zuwa Ikko, ya mutu ya bar ta, ita kuma ba ta taɓa haihuwa ba. Abin da ta mallaka a duniya shi ne irin giyar da ta gada wurin uwarta.

Iri kuwa shi ne farin kaurin nan da ke kwanciya a gindin randa in giya ta nuna. Shi ake zuba wa sabuwar dahuwa ta tashi. A gida, shafa shi ake yi a tsintsiya a shanya, a soke a rufin ɗaki, ya shekara lafiya lau. Hansai ta yi haka a Agege, damina ɗaya tsintsiyoyin suka yi funfuna, da ƙyar ta ceci guda. Nan ta gane ƙasar nan ba ta busar da komai. Sai ta koma ajiye shi da ransa a ɗan tulu, kullum tana ba shi ruwan tsiron dawa, tana kara kunne ta ji yana tsiii. Maƙwabciyarta Mero mai tuwo takan ce, "Hansai, yaushe za a yaye yaron nan?"

Sai annoba ta shigo. Ɓeraye suka yi ta mutuwa a kwata, mutane na bin su. Duba-gari suka bazu gida-gida suna tuntsurar da tukwane, suna feshe ɗakuna da magani mai warin kwalta. Wanda aka samu da zazzaɓi a ɗauke shi, kuma ba kowa ke dawowa ba. Ko kare ya yi haushi sai Hansai ta zabura.

Ranar da duba-garin suka iso layinsu, dabara ta faɗo mata, irin ta matsoraci. Ta toshe bakin tulun da ganye, ta goya shi, ta lulluɓe da mayafi. Ta manta abin da kowace mai dafa giya ta sani, cewa iri ɗumi yake so. Ga rana ta take, ga zafin bayanta, ga makyarkyata tana jijjiga shi.

Shugabansu Abdulganiyu, Bayarabe mai jin Hausa, ya gama da randunanta, ya juya zai fita, sai ya tsaya cak. Farin kumfa na bin zanenta yana ɗiga a dunduniya.

"Iya, me ya sami yaron?" Ya ja da baya. A kwanakin nan iyaye kan ɓoye 'ya'yansu marasa lafiya, wani lokaci har gawa.

"Barci yake, Oga."

"Barci da kumfa? Sauke shi. In ba haka ba mota ta kwashe ku duka, har maƙwabta."

Mero ta ɗora hannu a ka. Hansai ta dubi 'ya'yan Mero da ke raɓe a bakin ƙofa, ta kwance goyon. Da Abdulganiyu ya ga tulu sai ya fashe da dariya har da riƙe ciki. Amma dariyar ba ta hana shi juye tulun a kwata ba, ya bi shi da magani. Hansai ta durƙusa ta yi kukan da ba ta yi wa Bature ba.

Da suka tafi, Mero ta ce, "Yi haƙuri. Kawo zanen in wanke miki."

Hansai ta miƙa, sai kuma ta fizge abinta. Zanen ya jiƙe sharkaf da kumfa. Ta niƙa sauran tsiron da ke buhu, ta dafa, ta bari ya huce, ta tsoma zanen a ciki ta rufe. Ta kasa ci, ta kasa matsawa daga wurin, tana tsoron buɗewa.

Da gari ya waye Mero ta leƙo, ta tarar da ita kwance, kunnenta manne da tukunya.

"Yi a hankali," in ji Hansai, hawaye na zuba. "Yana numfashi."